Ɓarawon da Ke Ihun Ɓarawo

A ƙasar Adar, daga Ibohamane zuwa Keita, daga Buza zuwa Madawa, akwai wata shari'a da ake yi a tsakar dare a gidajen da suka dogara da sola, kuma da wuya a kama mai laifin gaskiya. Wajen ƙarfe biyu, a tsakiyar bazara, inbata takan fasa tsuwwa, fanka ta yi juyi uku ta tsaya, sai a ji muryar maigida daga kan tabarma: "Wa ya shanye mini batir?" Ba a jiran amsa, don tun kafin a lalubo tocila an yanke hukunci. Yaron nan ne ɗan lakwal mai kwamfutar cinya. An gan shi bayan isha'i yana ƙwanƙwasa ta, fuskarsa ta yi haske, kuma kowa ya san abin da ya iya lissafi da rubutu da nuna fim dole ya ci wuta kamar ba gobe. In ya buɗe baki ya ce, "Baba, wallahi na kashe ta tun ƙarfe goma," sai a ce masa ya yi shiru, ai da rana ya riga ya tsotse. Ni na tsaya wa yaron nan, ko da yake na san ba karatu kaɗai yake yi da ita ba. Hujjata ɗaya ce: a gidan da ke rayuwa da batir, ido da kunne da tafin hannu shaidun zur ne, rubutun da ke jikin caja ma bai fi su ba, kuma ba a gane mai cin wuta sai an auna abin da yake ja an ninka da awannin da yake yi a kunne. Duk wanda ya yi wannan lissafi zai tarar cewa wadda ta tayar da gida da ihu tana cikin manyan ɓarayin.

Kada a ɗauki maganar wasan yara. A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke samun wutar lantarki, a karkara kuwa abin bai kai haka ba. Inda layin kamfanin wuta na NIGELEC ya kai ma, an ga abin da ya faru a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ba sai a Maris na 2024. A wancan lokaci kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa. Tun daga nan farantin sola da batir suka zama kayan gida kamar randa da tabarma. Ga kuma wani dalili na Adar: gida nawa ne ba shi da ɗan biɗa a Abijan, ko Legas, ko Libiya? Muryarsa ta WhatsApp take zuwa, labarin aiken kuɗi ma haka. Saboda haka akwatin wifi, wannan ɗan farin abu mai layin Airtel ko Moov ko Zamani a cikinsa, wanda aka rataye a ƙusa kusa da taga don nan ne rezo ke kamawa, ya samu matsayin da ba a taɓa shi. Uwargida tana jiran saƙon ɗanta, amarya tana jiran na mijinta, maigida yana jiran farashin albasa daga Galmi. Abin da kowa ke da buƙata a wurinsa ba a zarginsa, wanda mutum ɗaya ke amfani da shi kuwa shi ne abin tuhuma.

Kafin a shiga awo sai an raba abu biyu da ake cakuɗawa, kuma mutanen Ibohamane sun fi kowa saurin ganewa, don suna da madatsar ruwa da gonakin rani a ƙarƙashinta, suna kuma cikin yankin da aikin raya karkara na Keita ya soma tare ruwa tun 1984 da tallafin Italiya da hukumar FAO. Mai ban ruwa ya san ƙarfin gudun ruwa a bakin ƙofa daban, yawan ruwan da ya fita daga madatsa daban. Ƙofa babba da aka buɗe minti goma aka rufe tana iya fitar da ruwa ƙasa da na 'yar tsaga da ke yoyo dare da rana ba mai kula da ita. Wat shi ne ƙarfin gudu, wat-awa shi ne yawan abin da ya fita, batir kuma shi ne madatsar. Dutsen guga mai wat 1,000 da aka yi minti 6 ana goge riga da shi ya ci wat-awa 100. Akwatin wifi mai wat 6 da ya kwana ya yini a kunne ya ci 144. Har tsufan batir ya yi daidai da na madatsa: yashi da laka sukan cike cikinta, a ga ruwa ya kawo baki alhali rabin zurfin ya tafi. Tsohon batir ma yakan nuna ya cika da la'asar, ya ce ga garinku kafin tsakar dare.

Shaidar zur ta farko ita ce rubutun jikin caja. Maigida yakan sa tabarau, ya juya cajar kwamfuta, ya karanta 45W ko 65W, sannan ya juya ta akwatin wifi ya ga 12V 1A, ya ce, "To ka gani! Sittin da biyar ina, ɗaya ina?" Kuskure biyu ya yi a numfashi ɗaya. Na farko, ya gwada wat da amfiya, alhali sai an ninka bolt 12 da amfiya 1 kafin a samu wat 12. Na biyu, dukan lambobin nan iyakar abin da cajar za ta iya bayarwa ne in an matsa mata, ba su faɗin abin da na'urar ke ja a kowane lokaci. Ƙaramar kwamfutar cinya ta zamani, in batirinta ya cika ana rubutu ko karatu, takan ja tsakanin wat 8 zuwa 20, gwargwadon hasken allo da nauyin aikin. Ba ta kusantar 45 sai lokacin da take cika batirinta da ya yi ƙasa, wannan kuwa bashin wutar da ta ci ɗazu take biya, kuma cikin batirin nata duka bai cika wuce wat-awa 35 zuwa 50 ba. Akwatin wifi mai 4G yakan ja wat 5 zuwa 10. Injiniyoyin da suka rubuta lambar ba su yi ƙarya ba. Tambayar da suka amsa daban take da wadda ake yi musu a kan tabarma.

Yanzu mu yi lissafin daren nan, mu ɗauki gida mai batir ɗaya na bolt 12 da amfiya-awa 100. A takarda wat-awa 1,200 ke nan, amma batirin darma ba ya son a sauke shi ƙasa da rabi, don haka 600 ne rabon dare. Rana ta faɗi ƙarfe bakwai. Ƙwayaye uku masu wat 5 sun yi awa huɗu: 60. Kwamfutar da ake tuhuma, a wat 15, ta yi awa uku: 45. Akwatin wifi, a wat 6, daga bakwai zuwa biyu: 42. Fankar maigida mai wat 60, daga tara zuwa biyu: 300. Sai kuma inbata, wadda aikinta juya wutar batir ta zama irin ta gida mai bolt 220. Ita ba a saka ta a lissafi, don ana ganin 'yar aike ce. Amma inbata tana da cikinta. Ko ba a jona mata komai ba, masu arha na matsakaicin girma sukan ja wat 10 zuwa 30 don kawai suna kunne. A ce 15 ne: cikin awa bakwai ta ci 105. Sannan a kan duk abin da ya bi ta hannunta tana cire la'ada ta kusan kashi 10 cikin 100, wani 45 ke nan. In aka tara, an kusa 600 cif, daidai ƙarfe biyu. Fankar mai ƙara ta ci rabi. Inbata ta ci kwata, fiye da ninki uku na abin da kwamfuta ta ci, ta kuma zama ta farko da ta kwarma ihu. Yaron da ke tsaye yana rantsuwa bai ci kashi 8 cikin 100 ba.

To, an yarda a auna. A nan ne abin dariyar yake, don ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma mu masu son awo mukan fi masu zargi ɓarna. Matakin farko shi ne awon tafin hannu: a taɓa caja, in ta yi zafi an kama ɓarawo. Amma a watan Afrilu a Keita, da zafi ya haura digiri 40, ko cokali ka taɓa za ka kama shi da laifi. Mataki na biyu shi ne aro 'yar mitar nan mai wayoyi biyu, ja da baƙi, daga wurin mai gyaran rediyo. Akan murɗa ta zuwa inda aka rubuta 10A, don amfiya ake nema, sai a tsoma tsinken ja a ramin soket ɗaya, baƙi a ɗayan, kamar yadda aka ga ana auna bolt. Abin da ba a sani ba shi ne, a wannan matsayi cikin mitar waya ce miƙaƙƙiya, wanda ya yi haka ya haɗa wayoyin wuta biyu baki da baki. Ƙara, tartsatsi, warin ƙuna, kaji su watse, uwargida ta fito da salati tana tambaya, "Malam, lafiya?" a ce mata bincike ake yi. In a kan batir aka yi, abin ya fi muni, don batir irin wannan yana iya zubo amfiya ɗaruruwa cikin ƙiftawar ido, kuma mitoci masu arha da yawa ba su da fis a wannan ƙofa. Amfiya ana auna ta ne a jere: a raba waya ɗaya, mita ta shiga tsakani, wutar ta bi ta cikinta. A ɓangaren bolt 220 wannan aikin mai sana'a ne, wanda bai koya ba ya bar shi.

Wanda ya tsira daga wannan yakan koma ga mita mai muƙamuƙi, wadda ake maƙala wa waya ba tare da an yanke ta ba. Akan kama igiyar cajar akwatin wifi gaba ɗaya, a duba allo, a ga sifili, a yi kabbara: ashe abin nan ba ya cin wuta sam! A kama ta fanka, ita ma sifili. A kama ta dutsen guga yana huci, sifili. A nan mai hankali ya kamata ya tsargu. Cikin igiyar wayoyi biyu ne, ɗaya ta kai ɗaya ta komo, ƙarfin maganaɗisun da mitar ke ji daga ɗaya na ɗayar ya shafe shi. Sai an ware waya guda an kama ta ita kaɗai. Ko an ware, ga wani tarko: akwatin da ke cin wat 6 a kan bolt 220 amfiyarsa 'yar mitsitsiya ce, mitar da ke ƙirga da 0.1 ba za ta gan ta ba, don kowane taki nata ɗaya daidai yake da wat 22. Masu sana'a sukan nannaɗe wayar sau goma a muƙamuƙin, su raba abin da ya fito da goma. In an yi haka aka samu 0.05, sai a ninka da 220 a ce wat 11, nan ma an zarce. Ƙananan cajoji ba sa jan wuta a miƙe, fizga suke yi a ƙololuwar kowane kai-da-komo, don haka ainihin wat ɗin yakan tsaya wajen rabi ko kashi 60 cikin 100 na wannan lissafi. Sannan mafi yawan masu muƙamuƙi na arha ba sa jin wutar batir ko kaɗan. Mutum yakan yini yana awo ya tashi da lambobi uku masu ƙaryata juna, ya koma ga abin da zuciyarsa ta faɗa tun farko: yaron nan ne.

Hanyar da ke fitar da gaskiya ba ta da kwarjini, haƙuri kawai take so. Akwai 'yar mita da ake sokawa a soket, a soka caja a bayanta, tana nuna wat a take, tana kuma tara wat-awa. Ita ce ta dace da wannan aiki, da sharaɗi uku. A bar ta awa 24, don na'ura tana hawa tana sauka. A auna kwamfuta sau biyu, tana cika batiri da kuma bayan ya cika. A kuma tuna cewa inbata mai arha ba ta ba da wuta mai santsi irin ta layi, abin da ke iya ruɗa mitar, kuma ƙasa da wat 1 ko 2 ba a cika amincewa da ita ba. Abin da inbata ke ci wa kanta kuwa ba a ganinsa daga soket, sai daga ɓangaren batir, a cire mata komai a auna amfiyar da take ja a ninka da bolt 12; amfiya 1.25 shi ne wat 15. Mai mitar NIGELEC ta zamani yana da wata dabara kyauta. A fuskar mitar akwai ɗan ƙwai ja mai ƙiftawa, kusa da shi an rubuta adadin ƙiftawa a kowane kilowat-awa. In 1,000 ne, kowace ƙiftawa wat-awa ɗaya ce. A kashe komai a gida, a bar akwatin wifi kaɗai: in wat 6 yake ci, sai an yi minti 10 kafin ƙwan ya ƙifta. Awo ne na gaskiya, illarsa ɗaya: dattijo zai tsaya gaban bango da agogo a hannu, ido ba ƙiftawa, maƙwabta suna leƙe ta katanga suna shawarar wa za a kira. Kuma daidai minti na tara wani zai jona waya a caji a ɗaka.

Mai suka zai ce, duk wannan wahala a kan wat 6? Ai abin kunya ne babban mutum ya zauna ƙirga abin da bai kai ƙwan fitila biyu ba. Amsa ita ce ƙasashen da wuta ta wadace su ba su ji kunyar ƙirga ƙasa da haka ba. A 1999 Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta ƙaddamar da shirin wat ɗaya, bisa shawarar Alan Meier na cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley a Amurka, don a rage wutar da na'urori ke ci suna zaune ba aiki. Tarayyar Turai ta mai da shi doka: daga 2010 kada na'urar da ke jiran a kunna ta ta wuce wat 1, daga 2013 kuma rabin wat. In mai wutar nukiliya a Faransa yana bin rabin wat da doka, mai batir ɗaya a Ibohamane ya fi shi hujjar bin wat 6. Akwatin da ba a kashewa yana cin kilowat-awa 4.3 a wata, sama da 52 a shekara. Ga mai layi, in a ce kilowat-awa tamma 100 ne, bai kai rabin jika a wata ba, kuma na yarda wannan ba abin tayar da gida ba ne. Ga mai batir kuwa lissafin ya sha bamban. Don akwatin ya kwana a kunne dole inbata ta kwana a kunne, wato wat 6 ya jawo wat 15 a bayansa. Su biyun suna cin wat-awa 504 a yini, kusan duk abin da farantin wat 100 zai iya tarawa a rana mai kyau. Akwai gidan da farantinsa guda ba ya yi wa kowa aiki sai waɗannan biyu.

Wani zai ce, rana ai kyauta ce, kuma Allah ya wadata Adar da ita; a ƙara faranti a huta. Gaskiya ne Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi samun rana, murabba'in mita ɗaya yana karɓar kilowat-awa 5 zuwa 7 a yini, shi ya sa aka kafa tashar sola mai megawat 7 a Malbaza a 2018, a wannan jiha tamu ta Tawa. Amma faranti ba ya aiki ƙarfe biyun dare, kuma matsalar gidan nan ta dare ce. Faranti goma ba su ƙara wa batir ciki ba. Sannan lambar da ke bayan faranti an auna ta ne a digiri 25. Kowane digiri da ya hau sama da haka yana rage kusan kashi 0.4 cikin 100, kuma faranti a kan kwano da azahar yakan haura digiri 60. Ga ƙurar hunturu da ke kwanciya a kansa, wadda ba mai hawa ya share sai wuta ta fara gardama. Batir shi ne mai tsada, shi ne kuma mai saurin mutuwa. Zafi kaɗai yana rage kwanansa da rabi a kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25, in kuma aka haɗa masa da saukewa har ƙasa kowane dare, wanda ya kamata ya yi shekaru sai ya gaji tun bai ga damina ta biyu ba. Daga nan a ce mai shago ya sayar da jabu, a sayi wani, a jona masa inbatar nan dai, a sa ta kwana tana tsotsa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Suka ta uku ta fi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba: mitar kuɗi ce, ba kowane kanti ke da ita ba, kuma mai neman na hatsi ba zai sayi abin da zai yi amfani da shi kwana biyu ba. Haka ne. Amma abin da ake buƙata kwana biyu ai na aro ne ko na haya. Mita ɗaya a hannun mai gyaran waya ko mai shagon caji ta ishi unguwa, kuma mai shagon caji ya fi kowa buƙatarta, tunda batirin babbar waya yana ɗaukar kusan wat-awa 19, ribarsa tana tsakanin abin da ya shiga wayoyi da abin da ya ɓace a hanya. Na kuma yarda ba kullum kwamfuta ke da gaskiya ba: tsohuwar ta gwanjo mai nauyi, wadda fankarta ke gurnani kuma batirinta ya mutu, tana iya jan wat 30 ko fiye. Wannan ma ai awo ne zai nuna. Abin da awon ke saya wa mutum shi ne magani mai arha. Akwatin wifi bolt 12 yake so, batir bolt 12 yake da shi, amma muna ɗaga wutar zuwa 220 da inbata, caja ta sake sauke ta zuwa 12, ana cire la'ada a hawa da sauka. In aka jona shi daga batir ta hanyar ɗan abin daidaita bolt, don batir yakan kai 14.4 lokacin caji, aka sa fis, aka kiyaye wayar ja da baƙa kada a juya su, inbata ta samu hutu. Kwamfuta mai bolt 19 ko mai USB-C akwai cajar mota da ke ɗaga mata. Fanka mai wutar batir takan wadatu da wat 15 zuwa 25. Sai makunni ɗaya da za a kashe akwatin da shi bayan sha biyu, in an samu jarumin da zai iya fuskantar samarin da ke zaune a gindin katanga suna shan rezo.

Maganar za ta ƙara nauyi, don babban maciyi ya iso. A 2025 Starlink, mai intanet ta tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a Nijar, kuma a wuraren da rezo ke wahala, ofishin magajin gari, gidan likita, makaranta, ko ɗan kasuwa mai sayar da wifi, kowa yana sha'awarsa. Bisa lambobin kamfanin da kansa, babban farantinsa yana jan wat 75 zuwa 100, ƙaramin da ake kira Mini kuma 25 zuwa 40. Wanda ya saba da akwatin wat 6, ya ɗauka wannan ma wifi ne kamar wancan, ya jona shi a kan batirin amfiya-awa 100, zai sha mamaki: babban yana cinye wat-awa 600 cikin awa shida zuwa takwas, shi kaɗai, ba fanka ba fitila. A yini yana buƙatar kilowat-awa 1.8 zuwa 2.4, wato abincin akwatunan 4G sama da goma sha biyu. Wannan ba aibu ba ne, tunda da tauraron ɗan'adam mai nisan kilomita ɗaruruwa yake magana. Aibun yana ga wanda ya ƙirga kuɗin na'ura da kuɗin wata ya manta da kuɗin batir da faranti, sannan in firjin allura ya mutu da asuba a gidan likita a shiga neman wanda ya yi cajin waya a ɓoye.

Saboda haka ina ba duk mai shirin zuwa kasuwar Madawa ko Tawa ko Ƙonni sayen kayan wuta shawara ya sauya tambaya. Mun saba da "wat nawa ce?", mai shago ya ce dubu ɗaya, ko dubu biyu, mu ji daɗi mu zaɓi babbar, alhali galibi inbata tana girma cikinta yana girma, kuma mai kayan wat 100 ba shi da abin yi da mai 2,000 sai ciyarwa. Tambayar da ta dace ita ce: "Alhaji, nawa take ci in ba ta aikin komai?" A kan kowace na'ura kuma a tambayi kai: awa nawa za ta yi a kunne? A ninka, a tara, a gwada da rabin cikin batir, a bayan ambulan ma ya isa. In Alhaji ya ɗauko mita ya jona ya nuna maka lamba, riƙe shi, ka samu abokin ciniki na shekaru. In kuwa ya dafa ƙirji ya ce, "Haba ɗan'uwa, wannan ba ta cin komai," ka yi masa godiya, ka gaida mutan gida, ka mai da kuɗinka aljihu.